Geji Ba Ya Ƙarya, Masu Duba Shi Ne Iri-Iri

Wanda yake son sanin halin mutanen babbar mota ba sai ya bi su Legas ya dawo ba. Ya je Mararrabar Jos, ko Tafa, ko garejin manyan motoci a Potiskum da sanyin safiya, ya samu benci ya zauna, ya zuba ido lokacin da ake duba baƙin mai. Aikin ba mai wuya ba ne. Mota ta tsaya a wurin da ba tudu ba gangare, inji a kashe, an ba shi minti 10 zuwa 15 man da ya hau sama ya gangaro kaskonsa. A zaro geji, a goge, a mayar da shi har ƙarshe, a sake zarowa. Zane biyu ne a jikinsa, na ƙasa da na sama, kuma abin da ake so shi ne mai ya tsaya a tsakaninsu, kusa da na sama, kada ya haura. Yaron da ya yi wata guda a gareji zai iya. Amma a kan wannan ɗan tsakanin da bai wuce faɗin yatsu biyu ko uku ba, jama'a sun rabu ɗariƙa-ɗariƙa.

Akwai Mai Tawakkali. Rabonsa da geji tun ranar da aka miƙa masa makulli. In ka yi masa magana sai ya nuna maka rubutun da ke goshin motar ya ce, "Malam, wanda ya kai mu jiya shi zai kai mu yau." Liman ya sha faɗa a gabansa cewa sai an ɗaure raƙumi ake tawakkali, amma shi a fahimtarsa hukuncin raƙumi ne wannan, bai shafi DAF ba. Madogararsa ta biyu ita ce jar fitilar nan mai hoton buta da ke gaban sitiyari. Bai san ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin da famfo ke tura shi take aunawa. Kafin ta kama, famfo ya fara zuƙar iska, mital ya fara goga kiranshaf a bushe. In abin ya same shi a Hawan Kibo da buhu 600 na siminti a baya, 'yan daƙiƙoƙi sun isa inji ya buga. Sai ka wuce shi ya yanko ganye ya jera a kan kwalta, waya a kunne: "Alhaji, ƙaddara ta faɗa mana." Ita dai ƙaddara baiwar Allah ce, kowa ya ɗora mata kaya ɗauka take yi, ba ta taɓa cewa ba nata ba ne.

Sarkin Gaggawa shi yana dubawa, ba a raba shi da wannan. Matsalarsa ita ce yana kashe inji yana dirowa, kafin ƙarar ta gama mutuwa geji yana hannunsa. A wannan lokacin lita da yawa ta mai tana can sama, a kan silinda, a cikin tobo, a hanyoyin da take bi, ba ta sauko ba tukuna. Ga shi kuma ya faka ƙafa ɗaya a kwalta ɗaya a gangaren gefen hanya, motar ta karkace, mai ya taru a kusurwa guda. Geji ya nuna ƙasa, sai ihu: "Kai yaro, kawo jarka!" Yana da ƙane da ba ya goge geji, abin da ya fantsama a jikin ƙarfen lokacin tafiya shi yake karantawa, kullum kuma labari mai daɗi yake samu.

Daga nan sai wanda na fi tausaya wa, Mai Hannun Kyauta. Mutumin kirki ne. Shi ne mai biya wa kowa kuɗin shayi, kuma da wannan zuciyar yake zuba wa inji mai. A wurinsa zanen sama na marowata ne, mai son motarsa sai ya ƙara mata ko da rabin galan, saboda hanya da nisa, Kano zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ce, gara a tafi da guzuri. Ka ce masa ya yi yawa, ya ce, "Haba ɗan'uwa, mai yana yawa a inji?" Yana yi kuwa. Injin tirela yakan ci lita 30 zuwa 40 gwargwadon ƙirarsa, inda ƙaramar mota galan guda ya kusa isarta, kuma waɗanda suka ƙera shi sun bar fili tsakanin saman mai da kiranshaf da gangan. In mai ya haura ya taɓa kiranshaf, sai ya riƙa kaɗa shi yadda maburgi ke kaɗa miyar kuka, ya mayar da shi kumfa. Kumfa kuwa iska ce, famfo ba ya iya tura ta da ƙarfi, sai inji ya zauna cikin mai tsundum yana fama da ƙishirwa. Robobin da ke tare mai su fara tsiyaya, salansa ta fara shuɗin hayaƙi.

Wannan ma da sauƙi. Injin gas, tun wanda Rudolf Diesel ya haɗa a Jamus a 1897, ba shi da fulogi. Matsa iska yake yi har ta yi zafin da za ta kunna abin da aka fesa mata, don haka duk mai da ya samu hanyar shiga ɗakin wuta, ci zai yi. In baƙin man da ya yi yawa ya bi ta hanyar numfashin inji ya shiga tare da iska, inji zai iya komawa shan man jikinsa. Ba kullum ake ganin haka ba, amma wanda ya gani sau ɗaya ba ya mantawa. Direba ya kashe makulli, inji ya ƙi mutuwa. Ya zare makullin ya sa a aljihu, inji ya ƙara kururuwa. Hayaƙi ya rufe tasha, mai tsire ya bar tukuba, mai shayi ya bar canji. Maganin abin shi ne a toshe hanyar iska, amma lokacin da ake neman wanda zai toshe, Mai Hannun Kyauta ya kai bayan masallaci da takalmi ɗaya.

Kusa da shi akwai Mai Albarka, wanda bai ƙara mai ba amma kullum nasa ƙaruwa yake yi. Yana ba da labari a majalisa da alfahari: "Motata tun da na karɓe ta ban taɓa yi mata ciko ba, sai ma haihuwa da man yake yi." Baƙin mai ba ya haihuwa. Ko dai nozul yana zubar da gas yana gangarawa kasko yana tsinka man, ko kuma ruwan lagireto ya samu ƙofa ta gasket. In gas ne, hanci zai gaya maka. In ruwa ne, za ka ga man ya koma launin shayi mai madara. Duka biyun hanyar gareji suke nunawa, shi kuwa yana shirin yanka zakara don godiya.

Sai Boka. Shi ba ya kallon zane, wannan na 'yan koyo ne. Zai lakato mai a yatsa, ya murza, ya ɗaga wa rana, ya sansana, ya lumshe ido, tasha ta yi tsit. Sannan ya yanke hukunci: "Wannan man ya mutu, dubi baƙinsa." Alhali jiya aka yi juye. Man injin gas yana yin baƙi da wuri saboda aikinsa ke nan, ya kwashe toƙar ƙuna ya riƙe ta a jikinsa don kada ta manne wa ƙarfe. Baƙi kaɗai ba shaida ba ce. Amma a yi wa Boka adalci: yatsansa yakan ji tsakuwar ƙarfe a cikin mai, hancinsa yakan kama warin gas tun kafin kowa, kuma ya ceci injuna da haka. Da zai haɗa yatsan da lissafin kilomita, da babu kamarsa. Sai dai lissafi yana rage kwarjini, shi kuwa da kwarjini yake cin abinci.

Akwai wanda bai taɓa riƙe geji ba amma shi ne mai hukunci a kansa, wato Alhaji mai mota. Yana zaune a rumfarsa a Dawanau, motar tana Mokwa.

"Alhaji, barka da rana. Lokacin juye ya wuce fa, ranka ya daɗe."

"Wane irin juye kuma? Ba bayan Sallah aka yi ba?"

"Ƙaramar Sallah ce, Alhaji. Yanzu har an dawo daga Hajji."

"To a yi mata ciko. Filtar kuma a wanke ta da fetur, ai ba ta tsage ba."

A lissafin Alhaji, motar da ake yi wa ciko kullum ta riga ta yi wa kanta juye, tun da tsohon ya fita sabo ya shiga. Abin da ya manta shi ne dattin ba ya fita tare da man da ya ƙone, a kasko yake taruwa, kuma filtar takarda ba a wanke ta ta dawo sabuwa. Ranar da inji ya buga, shi ne zai tafi Ƙofar Ruwa neman kiranshaf da fistin, ya biya kuɗin da zai yi juyen shekaru, yana tafe yana cewa direbobin yanzu ba su da amana.

Direban da Alhaji ya matse shi ne yake zama Mai Gauraya. Duk abin da ya samu a kwalba a bakin hanya, in dai yana da santsi, ya shiga. Yau na injin fetur, gobe na janareta, jibi wanda ba a san asalinsa ba, irin wanda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ke ta gargaɗi a kai. In inji ya fara hayaƙi sai ya nemo mai kauri, har da na giya, wai ya toshe ringi. Yawancin manyan motocin da ke bin hanyoyinmu 15W-40 na injin gas suke sha, kuma a jikin jarkar kirki akwai alamar API mai farawa da harafin C, kamar CH-4 ko CI-4. Mai farawa da S na injin fetur ne. Karanta wannan ba ya cin minti ɗaya. Shi dai ya riga ya yanke cewa mai mai ne.

Kada a manta da yaron mota, domin sau da yawa duk wannan fatawar a hannunsa take ƙarewa. Oga yana kan tabarma a ƙarƙashin tirela, daga can yake tambaya, "Ka duba?" Amsa ɗaya ce tun da aka fara tuƙi: "Na duba, Oga, lafiya lau." Wani ya duba ɗin da gaske, amma tsumman da ya goge geji da shi daga ƙasa ya tsinto, da yashinsa da komai. Wani ya zuba mai da mazurarin da ya kwana a buɗe cikin ƙurar hunturu. Wani ya zuba daidai, ya manta murfin a kan taya, sai an yi tafiyar awa guda a ga inji ya yi wanka. Akwai kuma mai wayo, wanda aka ba galan ya zuba rabi, rabin ya bi wata hanya ya dawo a matsayin shinkafa da wake da katin waya. Ban cika ganin laifin yaran nan ba. Ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu dalili, tsawa kawai aka koya musu, su ma ita za su koya wa na bayansu.

Sababbin motoci sun kawo sabuwar rigima. Actros da DAF na zamani suna nuna yawan mai a allon gaban direba, sai aka samu Ɗan Zamani wanda ba ya sauka ko ƙasan mota ya leƙa, ko da mai yana ɗiga a kwalta, tun da kwamfuta ba ta ce komai ba. Kishiyarsa tsohon direba ne da ya fara da Marsandi 911 mai bodin katako, wanda ya rantse ba zai karɓi shaidar talabijin a kan man injinsa ba. Ka haɗa su a benci ɗaya ka samu nishaɗin yini. Allon yana da amfani, shi ma kuma sai mota ta tsaya daidai ta huce yake faɗin gaskiya, amma ba ya ganin launi, ba ya jin wari.

Duk wannan kuwa a gaban majalisa ake yi. Da an zaro geji, ɗan kamasho zai ce a ƙara, mai faci zai ce a rage, mai sayar da rake zai ba da labarin wata mota da ya gani a Ogere. Ba wanda zai biya ko sisi in ta lalace.

Na ƙarshe ba shi da laƙabi, domin ba ya samar wa tasha labari. Bayan sallar asuba, kafin ya tayar da inji, zai leƙa ƙasan mota ya ga ko wani abu ya ɗiga da dare. Tsummansa yana cikin leda. Ya zaro, ya goge, ya mayar, ya zaro. In ya ga mai ya yi ƙasa ba ya juye jarka gaba ɗaya, ya san tsakanin zane biyun nan a babban inji galan guda ne ko fiye, sai ya zuba kaɗan, ya jira ya sauka, ya sake aunawa. Yana da ɗan littafi da yake rubuta kilomitar juye da yawan cikon da ya yi, saboda haka ranar da motar ta fara shan mai fiye da ɗabi'arta, shi ne farkon sani. In ya iso masauki yakan bar inji ya yi 'yan mintoci yana aiki a tsaye kafin ya kashe, don tobo ya huce da mai a jikinsa. Abokansa suna ce masa mai tsirfa.

Alhaji, in kana neman direba, lasisi da shaidar mai unguwa ba su isa ba. Kai shi gaban motar ka ce ya duba maka mai, ka koma gefe ka yi shiru. In ya fara da tambayarka yaushe aka kashe injin, ba shi makulli. Ranar da ya kira ka daga Mokwa ya ce lokacin juye ya yi, ka tura kuɗin har da na filta.