Ka Ƙirga Haƙoran Sa, Ka Manta da na Mota

Ranar Alhamis a karar Maigatari, ba mai biyan kuɗin sa sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora. Amma Alhajin nan zai zuba miliyoyi a kan DAF, ya duba fenti, ya danna hon, ya ce a ja. Haƙoran da ke cikin aksil na baya kuwa, ko oho.

Na hango ku kuna murmushi. "Malam, ka taɓa riƙe sitiyari kuwa?" Ku sha kuruminku, ƙirga zan yi, kuma ta nan ba ku fi ni ba.

A cikin tulun aksil ɗin nan na baya akwai babban faifai mai haƙora, da ɗan ƙarami da farfela ke juyawa. In babban na da 41, ƙaramin 10, sai farfela ta juya sau 4.1 kafin taya ta zaga sau ɗaya. In 37 ne da 10, sau 3.7 ke nan. Mota ta farkon ta fi ƙarfin tashi da lodi, amma a gudu ɗaya injinta na juyawa fiye da na ta biyun da kusan kashi 11 cikin 100, kuma kowane juyi gas yake sha.

"To ai shi ke nan, a ba mu mai 3.7. Daga Gumel zuwa Maigatari ina ka ga tudu?"

Sannu, maigida. Tudu kam babu, ko akuya ta shaida. Amma sauka daga kwalta ka shiga ƙauyukan Gagarawa ko Sule Tankarkar ɗaukar riɗi. Rairayi tudu ne da ya kwanta. Nan za ka ji kuloci na ƙauri, yaran mota na tono da shebur, kai kana zagin bakanike. Shanun da ka loda ma ba a Gumel za su sauka ba, Legas ko Fatakwal suka nufa, kuma hawan Okene bai san kai ɗan fili ba ne.

Motocin da ake kawo mana daga Turai an shirya yawancinsu ne don titi sumul, gudun da aka ƙayyade wa kilomita 90 a awa, da nauyin da bai wuce tan 40 ko 44 ba. Can sauƙin man gaskiya ne, domin mota na yini a giyar ƙarshe. Nan kuwa lodi sai wuri ya ƙare, direba na ta komawa ƙananan giya, man da aka yi wa rowa ya fita ta salansa.

Ku kuma masu Hilux da kuka sa mata manyan tayoyi don gayu, kun rage mata ƙarfin tashi da hannunku, sannan kuna cewa mayu ne suka kama injin.

Mai dogon zango da kaya daidai, ya ɗauki ƙaramar lamba. Mai jan kaya a rairayi, babba. In ba ka yarda ba, Alhaji, sa bakanike ya buɗe tulun, ka zo da tabarau. Ni zan riƙe maka fitila.