Kek ɗin da Sanyi ke Dafawa

Uwargida, a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, duk wanda ya ce ki kunna oben ki gasa masa kek, ki dube shi da kyau, ki tambaye shi laifin da kika yi masa. Akwai kek ɗin da ba ruwansa da gawayi, ba ruwansa da gas, ba ya neman ki tsaya kina sharce gumi kina soka masa tsinke. Sanyi ne ke dafa shi, ke kuwa kina barcinki. In kuma likita ya ce ki rage maiƙo, ko rigar da kika ɗinka da ƙaramar salla ta fara gardama da zif, to zauna ki ji yadda za ki sha zaƙi ba tare da kin saɓa wa likita ko kin koma wa tela ba.

Amurkawa ne suka yi fice da shi. Kafin firij na lantarki ya cika gidajensu, akwatin katako suke da shi mai rufin kwano a ciki, mai sayar da ƙanƙara yana zagayawa da keken doki yana sauke musu dunƙule. A cikin wannan akwati matan shekarun 1920 da 1930 suke jera biskit da kirim su bar shi ya kwana. Kamfanin Nabisco ya fito da wani siririn biskit na cakulan, ya buga yadda ake haɗin a jikin kwalinsa, abin ya bazu gida-gida. Da kamfanin ya daina yin biskit ɗin a 2023, masu girki a can sun yi ta jimami. Mutanen Filifin kuma suka yi nasu da mangwaro da madara mai kauri, kuma nasu ne ya fi kusa da abin da ke kasuwarmu a bazara.

Sirrin ba shi da tsawo. Busasshen biskit mai ƙishirwa ne. In aka shimfiɗa masa abu mai danshi sama da ƙasa, sai ya yi ta zuƙa a hankali har ya kumbura ya yi laushi, wuƙa ta ratsa shi ba ƙara. Shi ke nan gashin.

Matsalar tana wurin abin shimfiɗar. Na asali da kirim mai nauyi ake yin sa, wanda fiye da kashi ɗaya cikin uku nasa kitse ne zalla, kuma giram 100 kawai yana ɗauke da kalori wajen 340. Madarar gwangwani mai kauri da zaƙi ita ma ba ta yi nisa da shi ba, wajen 320. Giram ɗaya na kitse kalori 9 ne, na sukari 4. Saboda haka in za a rage wa kek nauyi, kitsen ne za a fara sallama. Ki yi masa sallama cikin mutunci, ki kira kindirmo. Yogot marar sukari da aka yi da cikakkiyar madara kalori wajen 60 ne a giram 100, kuma kindirmo mai kyau ɗan'uwansa ne.

Amma kada ki kwaso shi daga ƙwarya ki antaya wa biskit, don abin da za ki samu kunu ne mai gudaji. Tata za ki yi. Ki ɗora rariya a kan roba, ki shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta wanda ba ya ƙamshin sabulu, ki juye lita guda na kindirmo ko yogot, ki rufe, ki sa a firij. A firij na ce, ba a kan tebur ba, don a wannan zafin nono ba ya jiran kowa. Bayan awa shida zuwa takwas za ki tarar rabinsa ya tsiyaye, saura abu mai kauri da cokali zai tsaya a ciki da ƙafarsa. Ruwan da ya sauka kada ki zubar, ki kwaɓa fulawar fanke da shi. Abu biyu kawai nake roƙonki. Ki tabbata an tafasa madarar kafin a yi kindirmon, domin wannan kek ba zai ga wuta ba har ya shiga cikin yara, kuma ɗanyar madara tana iya ɗauko cuta daga saniya. Sannan ki karanta jikin robar yogot. In an riga an zuba masa sukari, to an yi miki aikin da kike gudu.

Yanzu zaƙi. Nan ne mata da yawa ke zarce gona da iri, su ce ba sukari ko ƙwaya ɗaya, su zaɓi yogot da aka kwashe wa mai kaf. Niyyar tana da kyau, amma firiza ba ta duba niyya. Ruwa ta sani, kuma duk inda ta gan shi sai ta mayar da shi ƙanƙara. Kitse da sukari su ne ke hana haɗin daskarewa ya zama dutse, kuma in kika kore su duka, baƙonki zai koma gida yana lissafin haƙoransa. Ki bar musu ɗan wuri. Ki samo ayaba ɗaya wadda ta nuna sosai har fatarta ta yi ɗigo-ɗigo, irin wadda mai talla ke neman rabuwa da ita da yamma, ki dame ta lukwi a cikin kindirmon. Ki ƙara sukari babban cokali biyu, wato wajen giram 25. Ki ɗanɗana. In kin ji zaƙin ya yi daidai, ki ƙara ɗan kaɗan, saboda sanyi yana dushe zaƙi a harshe. Wadda ta fi son dabino ta jiƙa guda huɗu ko biyar ta markaɗa a madadin sukarin, ƙamshinsa ya fi. Zuma ma ta halatta, sai dai kada a gaya miki wai ita ba ta ƙirguwa. Jiki yana ƙirga ta tsaf.

Za ki ga wasu suna cewa a zuba jelatin don ya kama. Mai yawa daga cikin na kasuwar duniya daga fatar alade ake cire shi, kuma in kin tace kindirmonki yadda ya kamata ba ki da bukatarsa.

Kayan marmari kuwa, mangwaro ne sarki. Ki zaɓi mai tsoka marar gashi, manya biyu, ki yayyanka shi falle-falle. In an kawo miki tsarabar sitiroberi daga Jos, madalla. Biyu ne zan hana ki: ɗanyar abarba da ɗanyar gwanda. Kowaccensu tana da sinadarin da ke farfasa furotin, shi ya sa ake tausasa nama da ganyen gwanda. In suka kwana da nono, za su yi masa abin da suke yi wa nama, ki wayi gari da kek mai ɗaci. In ranki ya biya da abarba, ki ɗan dafa ta ta huce tukuna. Kankana kuma ruwa ce tsagwaronta, a bar ta a faranti ta yi zamanta.

Sai gini. Ki ɗauko roba mai kusurwa huɗu ko gwangwanin burodi, ki shimfiɗa leda mai tsabta ta leƙo ta gefe, don da ita za ki ɗago shi gobe. Biskit wajen giram 150 ya isa, sirara marasa kirim a tsaka, irin na shan shayi. Ki yi aikin kamar magini da bulo: shafen kindirmo, jerin biskit, shafe, mangwaro, jeri, har hawa uku ko huɗu, ki rufe da shafe. Kowane biskit ya taɓa danshi ta fuska biyu, in ba haka ba zai kwana a bushe ya ba ki kunya a gaban surukai. In mai kauri kika samu irin Cabin, ki tsoma shi a madara ki cire nan take, ba wanka za ki yi masa ba. Gutsattsarin da suka karye ki cike gurbi da su. Za ki ji wata ƙaramar murya a bayanki tana cewa, "Umma, wannan ai ya karye, a ba ni." Ki ba shi ɗaya. In kin ga na biyu ma ya karye a hannunsa, ki san ba hatsari ba ne.

Ki rufe shi ruf. Nono mai kwashe-kwashe ne, kuma in kika bar shi a buɗe kusa da daddawa da busasshen kifi, zai fito da labarinsu duka.

Ga wurin da ake faɗuwa. Kada ki kai shi firiza kai tsaye. Danshin da ya daskare ba ya tafiya, biskit zai zauna da ƙishinsa har gobe. Firij zai fara shiga, awa shida aƙalla, kwana ya fi, sai biskit ya sha ya ƙoshi. Bayan nan ne za ki mayar da shi firiza na awa uku ko huɗu. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to wannan ko murhu ba a haɗa miki ba, haƙurin kawai ake nema. Kuma ba naki kaɗai ba. Yara za su kamu da ƙishirwa ta ban mamaki, kowa yana son ruwan sanyi duk bayan minti biyar. Maigida zai wuce ta kicin sau uku, ya ce, "Hajiya, dubawa kawai zan yi ko ya yi." Ki ce masa, "Alhaji, bai yi ba, kuma dubawar ce ke hana shi yi." Gaskiya kika faɗa, don duk buɗewa sai zafi ya shiga. Ki cika musu kula da ruwa ki ajiye a tsakar gida, ki raba su da hujja.

In aka ɗauke wuta, kada ki firgita, kuma kada ki buɗe. Firij a rufe yana riƙe sanyinsa wajen awa huɗu. Firiza in a cike take tana kai kwana biyu, in rabi ce kwana ɗaya. In abin ya yi tsawo, ki aika a sayo ƙanƙara, ki ɗaure robar a leda don ruwa, ki binne ta a kula. Ba zai daskare ba, amma zai yi laushi da sanyi, kuma haka masu shi suka fara cin sa shekara ɗari da suka wuce. Idan kuwa ya narke ya yi ɗumi fiye da awa biyu, ki zubar. Kuɗin biskit bai kai kuɗin asibiti ba.

Da lokacin ci ya yi, ki fito da shi ya huta minti 15, ki ɗago shi da ledar, ki tsoma wuƙa a ruwan zafi ki goge, ki yanka gida goma. Goma, uwargida, ki ƙirga da babbar murya. Duka kek ɗin, in kin bi awon nan, kalori wajen 1,500 zuwa 1,600 ne, kowane yanka kusan 155. Da kirim kika yi shi, da yanka ɗaya ya doshi 275. Ribar ke nan, kuma tana ƙarewa ne daidai lokacin da kika ce tunda marar nauyi ne bari ki ƙara na biyu da na uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin da mutum ke ci a yini, wato wajen giram 50 ga babba, kuma rabin haka ya fi. Shayin safe ya riga ya ci rabonsa a ciki. Mai ciwon sukari kuma ya sani cewa biskit fulawa ne, mangwaro ma zaƙi ne, sai ya ji ta bakin likitansa kafin ya miƙo faranti.

Ki ɗauki naki yanka ɗaya ki zauna a inuwa ki ci a natse. Ki ba maigida da yara nasu, ki sa biyu a kwano mai murfi ki aika wa maƙwabciya da gudu kafin rana ta gan su. Abin da ya rage ki naɗe kowanne daban ki mayar firiza, ki cinye shi cikin mako biyu.