Jinjina ga gwanayen ƙiyasi

Allah ya ja zamanin 'yan kwangilar manhaja na Abuja, waɗanda suka raba mu da wahalar lissafi!

Can a Amurka mutane sun ƙarar da ƙuruciyarsu a kan tambaya guda: nawa rubuta manhaja zai ci? A 1976 Thomas McCabe ya ce a ƙirga rassan da umarni ke bi a cikinta, sashen da ya haura goma a rarraba shi. A 1979 Allan Albrecht na kamfanin IBM ya ce a lissafa abin da ake shigarwa, da abin da ke fitowa, da rumbunan bayanai. Barry Boehm kuwa, bawan Allah, sai da ya bi ayyuka 63 kafin ya fito da COCOMO a 1981, wai daga yawan layuka a gane watannin da aiki zai ɗauka. Rashin abin yi ke nan.

Namu gwanin ko kwamfuta ba ya buɗewa. Ya leƙa kasafin ma'aikata, ya dubi motar darakta, ya ware kason masu sa hannu, sai ga farashi cif. Kuma mudunsa bai taɓa kuskure ba, don ko sisi ba ya saura a asusu.

Mai doya a bakin titin Yangoji, a ƙaramar hukumar Kwali, har yau yana cikin duhun kai. Ƙwarya doya ɗari ce, kuma sai ya bar mai saye ya ƙirga, ya jujjuya. Da ya yi boko, da ya lulluɓe kayan, ya ce tsarin akwai sarƙaƙiya, ya ninka kuɗi.

'Yan kwangilar hanya ma abin tausayi ne. Tun 2006 aka ba da aikin tagwaita titin Abuja zuwa Lokoja, kuma duk inda aka yi ha'inci, yaron Yangoji zai nuna da yatsa. Manhaja fa, wa ya taɓa faɗawa raminta? In shafi ya ƙi buɗuwa, laifin sabis ne. In ya mutu, a sa kuɗin sabuntawa a kasafin baɗi.

Saura hukumar NITDA, mai cewa sai ma'aikatu sun kawo ayyukan fasaharsu ta tantance. Ranku ya daɗe, a sassauta. Kada a tambayi gwani me ya ƙirga har ya kai ga adadinsa. Lambar girma ta ƙasa ta dace da shi, a hanzarta ba shi tun bai ƙiyasta mana kuɗinta ba.