Saƙon Legas Ya Ƙi Buɗuwa

A Tsiga za ka iya samun manomin da zai yarda bai san ranar da damina za ta sauka ba, amma ba za ka sami wanda zai ce bai san ciwon waya ba. Saƙon murya ya ƙi buɗuwa kawai, ka ga injiniyoyi sun fito daga kowane zaure.

Ɗa yana ci-rani a Legas, ya aiko wa ƙanensa saƙo ta WhatsApp, ya ce a kai wa Baba. Ƙanen ya tura ta Bluetooth cikin 'yar Itel ɗin tsoho, mai madannai, wadda aka ɗaure murfinta da kyauro. Suna ya fito, haruffa da lambobi rututu, a wutsiya an rubuta .opus. Baba ya danna. Waya ta yi gum.

Nan majalisa ta karɓi aiki. Wani ya zare memori, ya hura mata iska, ya goga a gefen riga, ya mayar. Mai shayi ya rantse laifin sabis ne, alhali abin na kwance cikin waya, ba ruwansa da sabis. Wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Alhaji, kulle shi yaron ya yi, don kada a ji nawa ya aiko." Kafin la'asar magana ta shiga cikin gida, amarya ta kumbura: an turo wa uwargida kuɗi a ɓoye.

Aka garzaya shagon mai caji. Ya goge .opus, ya rubuta .mp3, ya ce, "Baba, an gama," ya karɓi na goro. Kamar dai a rubuta "masara" a jikin buhun dawa a jira ta sauya.

Ba tsafi a ciki. WhatsApp na adana murya da tsarin Opus, wanda aka fitar a 2012, saboda yana matse magana ba tare da cin data da yawa ba. Ƙananan wayoyi kuwa galibi mp3 da amr suka sani. Manhajar VLC a babbar waya na buɗe shi, har da .m4a na masu iPhone. Mafi sauƙi ma, ƙanen ya miƙa wa Baba tasa wayar ya saurara. Sai dai wane saurayi zai bar wayarsa a hannun ubansa, saƙon budurwa na iya faɗowa?

Har an fara tara kuɗin motar Funtua don a kai wayar gyara, sai wata 'yar sakandare a gidan, wadda ba wanda ya tambaya, ta buɗe saƙon Legas ɗin. Gida ya yi tsit. Ina wuni Baba, ya gona, ya su Inna, ya makwabta, ya ƙafar nan, ya shanu. Can ƙarshe: "Maganar kuɗin taki kuwa, a ƙara haƙuri."

Baba ya ɗauki butarsa ya ce, "Ke, mayar da shi yadda kika same shi."