Kayan Miya a Cikin Kek

Tun ranar da na ce na gasa mofin da zukini da ot, ban huta ba. Wata Hajiya ta aiko mini cewa tunda kayan miya sun fara shiga kek, tana jiran na kuka da daddawa a mako mai zuwa. Wani Malam kuma, wanda daga jin maganarsa bai taɓa riƙe muciya ba, ya ce bin Turawa ne ido rufe. To ku gyara zama, yau da ku nake.

Hajiya, bari in fara da ke. Ranar Sallah wa ya yanka albasa a ƙullun masa, ya zuba sukari a kai, ya soya a tanda, sannan ya malala mata miyar taushe mai kabewa? Albasa da sukari a kwano ɗaya ba su ba ki tsoro ba, sai zukini, bawan Allah da ko wari ba shi da shi? Kuma ki dubi farantin gasa mofin da ramukansa 12, ki gaya mini in ba tandarki ba ce ta je makarantar boko.

Shi zukinin ma ba bare ba ne. A ido kamar kokwamba yake, amma ɗan ɗakin su kabewa ne. Kakanninsa daga yankin Meziko suka fito, manoman arewacin Italiya suka fitar da wannan irin a ƙarshen ƙarni na 19, sunan ma daga kalmarsu ta kabewa aka samo shi. Ana tsinke shi yana ɗanye shakaf, kafin ɓawo ya yi tauri. A Amurka yakan yi 'ya'ya har ya ishi masu lambu, shi ya sa suka ware 8 ga Agusta, ranar da a cikin raha mutum zai lallaɓa ya ajiye wa maƙwabci zukini a ƙofar gida ya gudu. Kun ga dalilin da ya sa ya faɗa cikin burodi da kek: neman kai ake da shi. Ni kuwa da kuɗina nake saye wajen mai kayan gwarin da ke sauke kayan Jos, har da ciniki.

"To me yake ƙara wa kek ɗin?" Ɗanɗano dai babu, kada in yi muku ƙarya. Kusan kashi 95 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne, kuma aikinsa ke nan: ya hana mofin bushewa, ta yadda bayan kwana biyu ba sai an jiƙa shi a shayi kafin ya wuce maƙogwaro ba. Amma ruwan nan shi ya kunyata ni a karon farko. Na goga shi a abin goga kuɓewa, na juye haka nan ban matse ba. Abin da ya fito daga oben, sama kek, ciki alala. Maigidan ya gutsura, ya tauna, ya tambaye ni ko akwai yaji. Tun daga ranar nake ƙulle gogaggen a tsumma mai tsabta in murɗe shi kamar mai wanki.

Malam, kai da ka ƙara da cewa ot abincin majinyata ne, ba kai ka fara raina shi ba. A ƙamus ɗinsa na 1755, Samuel Johnson ya zolayi mutanen Sikotilan cewa suna rayuwa da hatsin da Ingila ke ba dawakai. Su kuma suka ci gaba da shan kununsu. A 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin kwali cewa ot na iya rage haɗarin ciwon zuciya. Sai dai kada wata ta cinye mofin shida ta ce magani take sha, da sukari da mai a ciki fa.

Ga mai son gwadawa a ɓoye, don na san ku: fulawa kofi ɗaya da rabi, ot irin Quaker Oats na gwangwani kofi ɗaya, sukari rabin kofi, bekin fauda ƙaramin cokali biyu, kirfa da ɗan gishiri, duk a kwano ɗaya. A wani kwanon ƙwai biyu, man gyaɗa sulusin kofi, kindirmo rabin kofi, matsattsen zukini kofi ɗaya da rabi. In kin jiƙa ot ɗin a kindirmon na minti 10 zai fi laushi. Sai a haɗe su, kuma a nan masu ƙarfin hannu ke faɗuwa. Ba funkaso kike yi ba, 'yar uwa, ba a buga shi. Juyi kaɗan, da fulawa ta ɓace ki cire cokali, ko da gudaji. Kika tuƙa shi kamar tuwo, fulawar ta yi danƙo, ki sami abin jifan kare. Wuta digiri 190, minti 20, a soka tsinken tsire, in ya fito tas ya nuna. Wadda ba ta da oben kuma ba ta tsira ba: gwangwanin madara da tukunya mai yashi a ƙasa, yadda iyayenmu ke kek ɗin Sallah, sun isa.

Jiya surukata ta zo, wadda ko indomi har yau kallon baƙo take yi masa. Na ajiye mata biyu da shayi ban ce komai ba. Ta cinye, ta ɗaga na uku tana duban koren ɗigo-ɗigon da ke ciki, ta ce, "Yarinya, zogale kika sa?" Na ce a'a Inna, zukini ne. Ta ce ita ba ta cin irin waɗannan abubuwan, sannan ta sa in ƙulle mata huɗu a leda saboda jikoki.