Zuwa Ga Bawana Bakabe, Sarkin Tsofaffin Littattafan Bagudo

Gaisuwa irin ta ubangida ga bawansa. Bayan haka, labari ya iso mana nan Katsina cewa ka jingine koma da gora, ka shiga farautar littafi. Da fari mun yi murna, muka ce madalla, karatu ya kai bakin kogi. Ashe littafi ɗaya tak kake bi, kwafi bayan kwafi: labarin tafiyar Richard Lander da ƙanensa John, Turawan Ingila da suka bi kogin Kwara a 1830, wanda aka fara bugawa a Landan a 1832 cikin juzu'i uku. Bugun farko ya fi ƙarfin aljihun mai cin kifi, shi ya sa ka koma wa taƙaitaccen bugun 1965 na Robin Hallett, irin wanda tsofaffin ɗakunan karatu ke fitarwa idan sun yi shara.

Wanda ya gane wa idonsa ya ba ni labarin akwatin naka. Wani kwafin ba shi da bango, da zaren koma ka ɗaure shi. Wani gara ta cinye babin Yawuri kaf, ta bar maka Busa. Wani kuma yana ɗauke da hatimin makaranta da shatin kofin shayi a shafin farko. Abin da ya haɗa su duka shi ne ƙarnin kifi.

Mutanen kirki kan ƙetara iyaka ta Tsamiya zuwa Segbana, ko su bi ta Lolo su nufi Malanbil, su dawo da abin sakawa a bakin salati. Ko lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki a watan Agustan 2019, shinkafa ce ta sa mutane kwanan daji. Kai kuwa sai ka canza nairarka zuwa sefa, kana bin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, wai fassarar Faransanci kake nema, alhali Faransancin naka bai wuce na gaisuwa ba. An ce wani ma'aikaci a bakin iyaka ya kwance buhunka yana murnar ya yi kamu, da ya ga abin da ke ciki sai tausayi ya kama shi, ya ba ka kuɗin kabu-kabu.

Tunda na san shafa su kawai kake yi, bari in gaya maka abin da ke ciki. Kafin waɗannan 'yan'uwa biyu, wani Bature mai suna Mungo Park ya gangaro da jirgin ruwa, ya wuce ta gaban ƙasarku, ya halaka a Busa a 1806. Cikin abin da su Lander suka yi ta cigiya har da littattafai da takardun da ya bari. A Busa aka fito musu da littafi guda a naɗe cikin ƙyalle, mai shi yana ji da shi ƙwarai, amma bai san abin da aka rubuta a ciki ba. Da suka buɗe, sai suka tarar da jadawalin lissafi na matuƙan jiragen ruwa. Suka haura Yawuri saboda an ce sauran suna hannun sarki, Sarkin Yawuri ya zaunar da su fiye da wata guda, suka juyo hannu rabbana. Ka ga ke nan ba kai ka fara ba, ciwon a ruwan kogin yake. Bature ya zo neman tsohon littafi bai samu ba, ya rubuta labarin rashin samun, kai kuma ga ka nan kana tara labarin.

Ga wadda za ta fi yi maka ciwo: daga Yawuri suka juya. Ba su ƙaraso Bagudo ba, balle Illo ko Ka'oje. Duk dukiyar da ka narkar, garinku bai samu ko baƙuncin kwana ɗaya ba a littafin.

Alhali labarin ƙasarku yana nan zaune a kan buzu, ba wanda ya tambaye shi. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta bar Illo a ɓangaren Ingila, kuma layin da aka ja ya raba dangi, yau wasu na kashe naira wasu sefa. Harshen Kyangawa sai ja da baya yake yi, jikoki sun koma Hausa. Tsohuwar Busa ma tana ƙarƙashin ruwan Kainji tun 1968. Malamai sun daɗe da ba da misalin jakin da aka labta wa littattafai, ni dai ban ambaci sunan kowa ba.

To ga hukuncin ubangida. Ka ware kwafi ɗaya mai cikakkun shafuka ka karanta shi, sauran ka kai wa makarantun Bagudo. Sannan ka ɗauki wayar nan taka ka zauna gaban dattawan Illo da Lolo da Ka'oje, ka naɗi bakinsu tun suna raye, ka rubuta mana da Hausa. Idan ya fito, ni zan fara saye, sabo fil. Kuma watan cika-ciki na tafe, ka tanadi kuɗin sharata da kwandon bandar kifi. Ba na karɓar littafi a madadinsu.