Zuwa ga Jarumin Dandin Mahe, Mai Gudun Allura

Ɗan Fillo, bawana, ina gaisuwa, ko da yake ba a saba ubangida ya fara gaida bawa ba. Labari ya iske ni a Sakkwato cewa ranar kasuwa ka yi wa jaki sallama, har ka tsaya jiran ya amsa. Yanar ido ta rufe idonka na dama, ta fara leƙa na hagu, likita ya ce a yi aiki, kai kuwa kullum sai bayan kaka, sai an sayar da maraƙi, sai bayan Sallah.

Kai ne fa mai cika mana kunne da labarin sharo, yadda ka ɗaga hannu aka zuba maka tsumagiya a haƙarƙari kana murmushi. Na yarda an yi haka, na ga tabon. Sai dai a filin sharo akwai kiɗa, akwai 'yan mata, akwai dangin da za su ji kunya in ka motsa. A ɗakin likita babu makaɗi, babu mai guɗa, daga kai sai gabanka da ke faɗuwa. Ashe jaruntarka ba ta fita sai da rakiyar kalangu.

Ka ce tsoro ba ya cikin jininku. To, bari Babarbare ya karanta maka tarihin gidanku, tunda idonka bai iya ba. A 1804 Shehu Usmanu ya bar Ɗagel zuwa Gudu, ba shi da birni, ba shi da ganuwa. Aka ci nasara a Tabkin Kwatto, amma kafin shekara ta ƙare aka yi wa jama'a mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, mahaddata da yawa suka kwanta dama. A 1805 aka sake shan kashi a Alwasa. Kana tsammanin waɗanda suka binne 'yan uwansu a wuraren nan gabansu bai faɗi ba? Ya faɗi, suka ci gaba da tafiya da shi a ƙirji, har Alƙalawa ta zo hannu a 1808. Da irin lissafinka suka yi, da Shehu bai zauna Sifawa ba, ƙanensa Malam Abdullahi bai zauna Boɗinga ba, nan bakin ƙofarku.

Na san za ka ce a 1808 ɗin ma kun ci birninmu Gazargamu. Kun ci, ba mu musa ba. Ka tambayi malamanku wa ya fito da ku, in sun manta sunansa Shehu Laminu.

Abin da ya fi ba ni haushi, an ce kana cigiyar masu yawo ƙauye-ƙauye da tsinken ƙarfe, waɗanda ke soka ido su ture yanar ta faɗa ciki. Wato wanda ya yi shekaru yana koyon aiki kake tsoro, na gindin bishiya kuma ka amince masa! Waɗancan ba sa cire komai, ba sa mayar da komai, kuma da yawa daga hannunsu sai sandar jagora. Binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane, alhali tana cikin masu sauƙin magani. A asibiti ana kashe zafin wurin, idonka biyu, a zare ƙwayar da ta yi hazo, a saka ta roba a madadinta. Sau da yawa ba a cika rabin awa ba. Washegari a buɗe bandeji.

Ni da aka tsage wa fuska da aska tun ina cikin zanen goyo, ai ba ka isa ka kawo mini zancen kaifi ba. Kai ne kullum ke cewa kyanwa ta yaƙushe ni. Yau ga ka kana rawar jiki a kan allurar da ba ta kai tsinken tsintsiya ba.

Ranar Litinin da hantsi zan zo da mota, mu nufi asibitin koyarwa na Sakkwato. Kada ka ɓuya a ruga ka sa Inna Wuro ta ce ka tafi kiwo, na san mai tatsar shanun ba kai ba ne. Kuɗin mai a kanka, ƙwaryar fura da kindirmo ma a kanka, kuma kuɗin sharan bara da ka ce ba ka gan ni ba balle ka biya, wannan hujjar ta kusa ƙarewa.